Yadda ake yawon ƙafa da ƙananan yara a birnin Venis

Venis, birnin nan na arewa maso gabashin Italiya da mutanensa ke kira Venezia, an gina shi ne a kan tsibirai kusan 118 a cikin tafkin ruwan gishiri, gadoji fiye da 400 suka ɗinke su. Babu mota a tsohon gari, babu babur, ko keke an hana. Iyaye kan ji haka su yi murna, kuma da gaskiyarsu, domin yaro zai yi tsere a dandali ba tare da fargabar abin hawa ba. Sai dai kusan kowace gada matakala ce, a hau a sauka, don jiragen ruwa su samu wucewa ta ƙarƙashi, bakin ruwa kuma a wurare da yawa ba shi da shinge. Saboda haka duk lissafin da za ku yi, na masauki ne ko na yawon yini, ku gina shi a kan yawan gadojin da za a haye. Tafiyar mita 600 a taswira na iya ƙunsar gada 5, kuma wanda ke ɗauke da keken jariri da jaka da yaro ɗan shekara 3 da ya ƙi tafiya, a gada ta uku ƙarfinsa ke ƙarewa.

Lokacin zuwa da takardu

Afrilu zuwa farkon Yuni, sai kuma Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, su suka fi dacewa da yara. Yuli da Agusta akwai zafi mai gumi, ga sauro, ga cunkoso a lunguna. Daga Oktoba zuwa Janairu ruwa ya fi tumbatsa ya shigo gari, sanyin hunturu kuma da hazo yake zuwa. Makonnin bikin Carnevale, wanda yawanci ke faɗowa a Fabrairu, ba na mai ƙananan yara ba ne, don wasu lungunan kan cika har tafiya ta gagara.

Mai fasfon Najeriya ko Nijar yana bukatar bizar Schengen, kowane yaro da fasfonsa da bizarsa, da inshorar lafiya da ta kai aƙalla Yuro 30,000. Akwai kuma kuɗin shiga gari da aka fara karɓa ranar 25 ga Afrilu 2024, a wannan shekarar Yuro 5 ne ga masu zuwa su koma a yini ɗaya, a wasu zaɓaɓɓun ranaku, daga ƙarfe 8:30 na safe zuwa 4 na yamma. Yara 'yan ƙasa da shekara 14 ba sa biya. Wanda ya kama masauki a cikin ƙaramar hukumar Venis shi ma ba ya biya, amma ku tambayi masaukinku yadda ake rajistar shaidar yafewa kafin ku iso, tun da ranaku da ƙa'idojin suna sauyawa kowace shekara.

Masauki, da yadda za ku isa gare shi

Nan ne yawancin wahalar ke farawa. Kafin ku biya kuɗin ɗaki, ku rubuta wa mai masauki tambayoyi uku: gada nawa ce tsakanin ƙofarku da tashar jirgin ruwa mafi kusa, a bene na nawa ɗakin yake, kuma akwai lif ko babu. Yawancin gidajen tsofaffi ne, matakalarsu a miƙe take kuma matsattsiya, lif kuma ba kasafai ake samu ba. Ku tuna cewa a Italiya ƙasa ita ce piano terra, don haka abin da suke kira bene na biyu hawa biyu ne cikakku. Idan amsar farko ta wuce gada ɗaya, ku nemi wani wuri. Ɗakin da ke ƙasa yana da sauƙin shiga da keke, amma da danshi, kuma shi ruwa ke fara shiga.

A ganinmu unguwar Cannaregio, kusa da tashar jirgin ƙasa, ta fi wa iyali sauƙi: hanyoyinta da faɗi, akwai kantuna na mazauna gari, da dare kuma shiru. Unguwar Dorsoduro ta gefen hanyar bakin ruwa ta Zattere ma tana da kyau. Kewayen San Marco, babban dandalin gari, ya fi tsada da cunkoso. Gida mai ɗakin girki ya fi otal amfani, saboda gidajen abinci ba sa buɗe abincin dare sai wajen ƙarfe 7, yaro kuwa tun 5:30 yake kukan yunwa. Wasu na sauka a Mestre, can kan tudu, don arha, kuma jirgin ƙasa minti 10 zuwa 15 ne zuwa tsohon gari. Abin da ake asara shi ne komawa gida da rana don barcin yara, kuma wannan asarar babba ce, kamar yadda za ku gani a gaba.

Idan ta jirgin ƙasa kuka zo, manyan tashoshi biyu ke ɗauke da sunan Venezia. Ta farko Venezia Mestre ce; kada ku sauka. Ku jira jirgi ya haye doguwar gadar nan ta kusan kilomita 4, ku sauka a Venezia Santa Lucia, inda layin dogo ya ƙare. Daga filin jirgin sama na Marco Polo, motar ATVO ko bas mai lamba 5 na kai ku Piazzale Roma cikin minti 20 zuwa 30, nan ne iyakar inda mota ke zuwa. Jiragen ruwa na Alilaguna ma suna tashi daga filin jirgin, sun fi jinkiri, amma idan suna tsayawa kusa da masaukinku sun rage muku ɗaukar kaya. Tasin ruwa ya haura Yuro 100.

Gadar Costituzione da ta haɗa Piazzale Roma da tashar jirgin ƙasa, wadda aka buɗe a 2008, tana da tsawo, matakalarta ba su daidaita ba, kuma an san ta da santsi idan an yi ruwa. Da akwatuna da yara, gara ku shiga jirgin ruwa ko ku ɗauki ɗan dako daga bakin tasha, a yi ciniki kafin ya ɗora kaya. Akwati ɗaya ga kowane babba ya isa, domin hannu ɗaya dole ya zama na yaro.

Goyo ko keke

Uwar da ta iya goyo da zani da majanyi ta fi kowa samun sauƙin wannan gari. Hannuwanta biyu a sake, tana hawa matakala ba ta jiran kowa, tana shiga jirgin ruwa ba sai an naɗe komai ba. Ga jariri har zuwa wajen wata 18, goyo kaɗai ya wadatar, uba kuma ya samu jakar goyo mai maɗauri ta gaba don a riƙa karɓa-karɓa. Abin lura biyu ne. A matsattsen lungu masu jakar baya da masu turin kaya suna juyawa ba su duba ba, don haka babba na biyu ya riƙa bin bayan mai goyo. Da zafi kuma a riƙa sauke jaririn duk bayan awa ɗaya, ya sha iska ya sha nono.

Yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 shi ne mai wuyar sha'ani, ya yi nauyin goyo na yini guda, ƙafarsa kuma ba ta kai ta yini guda ba. A nan keke na da amfani, amma sai mara nauyi, kilo 6 ko ƙasa, wanda ke naɗewa da hannu ɗaya kuma yana da igiyar rataya a kafaɗa. Babban keke mai manyan tayoyi, da na tagwaye mai kujeru gefe da gefe, ku bar su a gida. Akwai lungunan da mutum biyu ma sai sun yi gefe suke wucewa.

Yadda ake haye gada da keke: idan manya biyu ne, wanda ya fi ƙarfi ya kasance ta ƙasa, wato a baya wajen hawa, a gaba wajen sauka, ya kama jikin ƙarfen keken, kada ya kama wurin ɗora ƙafa ko sandar gaba, don suna ɓallewa. Yaron ya kasance a ɗaure da bel. Idan babba ɗaya ne, a fitar da yaron, a naɗe keken a rataya, a riƙe hannunsa a hau tare. Jan keke da baya, matakala bayan matakala, yana karya taya kuma yana girgiza kan yaro. Kada a rataya jaka mai nauyi a hannun keke, don da an ɗaga yaro keken zai kife ta baya. Abin da ya fi komai haɗari shi ne lokacin da manyan biyu suka shagala da ɗaga keke, babban yaro ya yi gaba shi kaɗai, alhali a gindin gada ne ake samun matakalar da ke gangarawa cikin ruwa. A kafa masa doka tun ranar farko: a kowace gada zai tsaya a saman, hannunsa a kan bango, sai an kira shi.

Wasu gadojin na Riva degli Schiavoni, hanyar bakin ruwa da ta taso daga San Marco, da na Zattere ana shimfiɗa musu gangara, kuma gadar Guglie tana da gefe mai gajerun matakala da keke ke iya bi. Ku ɗauke su a matsayin sa'a, kada ku gina shirinku a kansu.

Bakin ruwa

Hanyar da ke bin gefen ruwa sunanta fondamenta. Dokarta ɗaya ce: babba ta gefen ruwa, yaro ta gefen bango, kullum. Matakalan dutse da ke sauka cikin ruwa suna jan hankalin yara sosai, amma waɗanda ruwa ke rufewa ya janye suna da koriyar gansakuka mai tsananin santsi, manya ma suna faɗawa wajen ɗaukar hoto. Ku nuna wa yaro koren dutsen ku ce masa ba a taka shi. Wasu lungunan kuma, musamman masu suna ramo ko waɗanda ke bi ta ƙarƙashin gini, sotoportego, suna ƙarewa kai tsaye a ruwa ba alama ba shinge. Shi ya sa ba a barin yaro ya sha kwana kafin babba. Ga wanda bai kai shekara 3 ba kuma mai yawan fizgewa, 'yar jakar baya mai igiya ba abin kunya ba ce a wannan gari. A Cannaregio akwai tsohuwar gada, Ponte Chiodo, wadda ba ta da bango ko ɗaya. Ku kalle ta daga gefe, haka gadojin garin suke a da.

Ruwan ba na wasa ba ne, najasar gidaje da yawa a cikinsa take ƙarewa. Yaron da ya tsoma hannu a wanke masa da sabulu. In Allah ya kiyaye ya faɗa, babba ɗaya ya kwanta rub da ciki a baki ya miƙa hannu ko majanyi, ɗayan ya yi ihu ya riƙe sauran yaran, sannan a kira 118, lambar motar asibiti, ko da yaron ya fito yana magana, saboda ruwan da ya haɗiya.

Gane hanya

Taswirar waya tana rikicewa tsakanin dogayen bangaye, ɗigon da ke nuna inda kuke yakan tsallaka ruwa ya koma wata unguwa. Ku ɗaga kai. A kusurwoyin gine-gine akwai alluna masu ruwan ɗorawa: Per Rialto, Per S. Marco, Alla Ferrovia mai nuna tashar jirgin ƙasa, da Piazzale Roma. Da waɗannan huɗu ba a ɓacewa na dogon lokaci. Lambar gida kuma ta unguwa ce, ba ta titi ba. Gari ya kasu unguwanni 6, lambobin kowace na kaiwa dubbai, don haka "Cannaregio" da lamba kawai ba za su kai ku ƙofa ba. Ku karɓi sunan lungu da dandali mafi kusa da tashar jirgin ruwa, ku rubuta a takarda tare da lambar wayarku, ku sa a aljihun kowane yaro. Kowace safiya ku ɗauki hotonsa da kayan da ya sa. Ku koya masa cewa in bai gan ku ba ya tsaya inda yake, ko ya shiga shago mafi kusa.

A lungu ana bin hannun dama, ɗaya bayan ɗaya. In kun ji an ce permesso ko attenzione a bayanku, mai turin kaya ne, ku manne da bango. Kada ku tsaya a kan ƙaramar gada don gyara goyo.

Jiragen ruwa

Bas ɗin garin shi ne vaporetto, na kamfanin ACTV. A 2024 tikitin minti 75 Yuro 9.50 ne, na yini ɗaya 25, na kwana 2 kuma 35, na kwana 3 45, na mako 65. Yara 'yan ƙasa da shekara 6 kyauta suke shiga. Lissafin a fili yake: in za ku hau sau 3 a yini, tikitin yini ya fi arha, kuma da yara za ku hau fiye da haka. Ana taɓa tikiti a na'urar bakin tasha kafin kowace shiga. Mantuwa ba ta hana tara.

Tashar kanta a kan ruwa take, tana motsi, jirgi kuma yakan buge ta da ƙarfi in ya iso. A riƙe yara a zaune ko a jikin babba har ma'aikaci ya ɗaure igiya ya buɗe ƙofa, a bar masu sauka su fita, sannan a ɗauki ƙaramin yaro cak a tsallake da shi, saboda ratar da ke tsakanin jirgi da tasha tana buɗewa tana rufewa. A sauke jakar baya a riƙe a hannu. Ku duba allon tasha da kyau, domin layi ɗaya na da ɓangare biyu, mai tafiya da mai dawowa.

Layi na 1 yana bin babban mashigin ruwa, Canal Grande, mai tsawon kusan kilomita 3.8, yana tsayawa a kowace tasha, wajen minti 45 daga Piazzale Roma zuwa San Marco. Ku shiga daga farkon layi don ku samu kujera. Dabarar da ta fi amfani ga mai keke ita ce wannan: layin yana tsayawa dama da hagu, don haka tasha ɗaya ko biyu a jirgi na maye gurbin hawan manyan gadojin Rialto, Accademia da Scalzi, masu yawan matakala.

Gondola, siririn kwale-kwalen gargajiya na yawon shaƙatawa, Yuro 90 ne na minti 30 da rana, 110 da dare, mutum 5 iyaka. Ga yaron da ke iya zama wuri ɗaya abin tunawa ne. Ga ɗan shekara 2 mai son leƙa ruwa, rabin awa ce ta kokawa. Ku fara gwada shi da traghetto, babban kwale-kwalen fito da ke tsallaka Canal Grande a Yuro 2, misali daga Santa Sofia zuwa kasuwar Rialto. 'Yan gari a tsaye suke hayewa, ku kuwa ku zaunar da yara.

Tsarin yini

Ku fita da wuri, 7:30 ko 8, kafin masu zuwa daga waje su cika gari. Abu babba ɗaya da safe, a koma masauki wajen 12:30, a ci abinci, yara su yi barci, musulmi su yi sallolinsu cikin natsuwa, tun da masallatai can Mestre da Marghera suke. A sake fita 4:30 zuwa wani dandali, ba tare da wani buri ba. Lokacin da taswira ta ba ku, ku ninka shi biyu: daga tashar jirgin ƙasa zuwa San Marco babba na yin minti 35 zuwa 40, da yara ya haura awa.

Ranar farko ku tsaya a Cannaregio. Daga Santa Lucia ku yi hagu ta Lista di Spagna zuwa dandalin Campo San Geremia. Nan kusa akwai lambun Savorgnan mai inuwa da wurin wasan yara. Ku haye gadar Guglie, ku yi hagu kaɗan ta bakin ruwa, ku shige ta ƙarƙashin gini zuwa tsohuwar unguwar Yahudawa da aka kafa a 1516, mai faffaɗan dandali da bishiyoyi. Ko kuma ku miƙe ta Strada Nova, hanya mai faɗi da kantuna, har Santi Apostoli.

San Marco sai da sassafe. Yara za su so mutum-mutumin tagulla biyu da ke buga ƙararrawa a saman hasumiyar agogo. Hasumiyar cocin San Marco, mai tsayin kusan mita 99, tana da lif, amma layinta dogo ne. Ta tsibirin San Giorgio Maggiore da ke tsallake, wadda layi na 2 ke kaiwa, ita ma da lif kuma mutane sun fi ƙaranci. Cikin cocin San Marco ba a shiga da jakar baya, kuma sai an rufe kafaɗa da gwiwa. Daga nan ku shiga jirgi zuwa Arsenale ko Giardini, maimakon bin Riva degli Schiavoni da gadojinta. Zaki mai fukafukai shi ne tambarin gari, yana kan bangaye da tutoci ko'ina, kuma sa yara ƙirga zakuna na ƙara musu tafiya mai yawa ba su sani ba. A ƙofar Arsenale, tsohon wurin ƙera jiragen ruwa, akwai manyan zakunan dutse, ɗaya daga tashar Piraeus ta Girka aka kwaso shi a 1687. Via Garibaldi faffaɗa ce kuma shimfiɗaɗɗa, gaba da ita ga lambunan Giardini da Sant'Elena, inda lilo da ciyawa suke.

A Dorsoduro, Zattere doguwar hanya ce mai faɗi a bakin babban ruwa, ta dace da keke, amma rana na dukanta, ku je da yamma. Kusa da ita, daga Fondamenta Nani, ana hango wurin gyaran gondola na San Trovaso. A San Barnaba akwai kwale-kwalen da ake sayar da kayan lambu a cikinsa, kusa da Ponte dei Pugni mai sawun ƙafa na farin dutse a samanta. Ku ƙare a Campo Santa Margherita, ko San Giacomo dell'Orio, ko San Polo, inda yaran gari ke buga ƙwallo bayan makaranta. Alli mai launi da ƙaramar ƙwallo sun isa shigar da yaronku cikinsu.

Wuri ɗaya da muke roƙon iyalan Hausawa kada su tsallake shi ne gidan tarihin halittu da ke Fondaco dei Turchi, ginin da fataken daular Usmaniyya suka yi masauki da ajiya a cikinsa tun 1621. A ɗakunansa akwai ƙwarangwal ɗin wata dabbar zamanin da, Ouranosaurus nigeriensis, mai tsawon kusan mita 7, da ƙasusuwan wani ƙaton kada, waɗanda aka tono a Gadoufaoua cikin hamadar Tenere ta jihar Agadez, a tafiyar binciken wani ɗan Venis, Giancarlo Ligabue, ta 1973. Yaron da ya taso a Zinder ko Katsina zai tsaya a gaban dabbar da ta rayu a ƙasar Nijar sama da shekara miliyan 100 da suka wuce. Awa ɗaya da rabi ta isa, ana sauka a tashar San Stae, kuma ba a buɗewa ranar Litinin. Kasuwar kifi ta Rialto ma da safe take ci, Talata zuwa Asabar.

Tsibirai: layi na 12 daga Fondamente Nove na kaiwa Burano mai gidaje kala-kala cikin kusan minti 45, ta Murano, inda aka mayar da masu hura gilashi tun 1291. Ɗaya ya isa a yini. Layin dawowa da yamma dogo ne, ku juyo kafin ƙarfe 3. Lido na da rairayin bakin teku, amma akwai motoci, kuma yaran da suka kwana biyu ba su ga mota ba sun saki jiki.

Ci, sha da bayan gida

Famfunan da ke zuba a dandali ruwan sha ne mai kyau, sai in an rubuta non potabile. Ku riƙe gora. Mai guje wa naman alade ya haddace waɗannan: maiale, prosciutto, pancetta, speck, salame, mortadella, guanciale, da strutto, wato kitsen alade da ake sa wa a wasu burodi. Ana zuba giya a risotto, wato dafaffiyar shinkafarsu, da miyar kifi da yawa, haka wasu kayan zaƙi da askirim irin malaga da zabaione. Ku ce senza maiale, senza vino. Pizza margherita, taliya da tumatir, gasasshen kifi, da tramezzino, yankan burodi mai kifin gwangwani da ƙwai sun fi sauƙi. Ku lura da coperto, kuɗin zama da ake ƙarawa kan kowane mutum, da kuma kifin da aka rubuta farashinsa all'etto, wato kan kowane giram 100, wanda kan ninka lissafi. Kantunan Coop, Conad da Despar na da madara, 'ya'yan itace da kunzugu. Madarar gwangwani da jariri ya saba da ita kuwa ku taho da ita.

An hana zama a ƙasa ko a matakalar gada don cin abinci, musamman a kewayen San Marco, an hana ciyar da tantabaru tun 2008, an hana wanka a ruwa, tarar kuma na iya kaiwa ɗaruruwan Yuro. Ku nemi benci a dandali ko lambu. Manyan fararen tsuntsayen teku suna fizgar abinci daga hannu kamar shirwa a mahauta, kuma yaro suka fi raina, don haka ya ci a jikin bango, babba a gabansa.

Bayan gida na jama'a kaɗan ne, ana biyan wajen Yuro 1.50, akwai a Piazzale Roma, Accademia, Rialto da San Marco. Hanya mafi sauri ita ce a shiga shagon kofi, a sayi wani abu a tsaye a kanta, inda ya fi arha, a nemi bagno, wato bayan gida. Teburin canza kunzugu ba kasafai ba ne, ku riƙe shimfiɗar leda, da 'yar gora mai matsewa a madadin buta. Kowa ya zagaya kafin a shiga jirgin Burano.

Idan ruwa ya tumbatsa

Suna kiransa acqua alta. Adadin da ake sanarwa tsayin teku ne daga wani ma'auni, ba zurfin ruwa a titi ba. Dandalin San Marco, wanda ya fi ko'ina gangare, yana fara jiƙewa tun wajen santimita 80 zuwa 90, don haka 110 na nufin ruwa iya ƙauri a can, alhali yawancin gari a bushe yake. A 110 ne jiniya ke kaɗawa sa'o'i kafin ruwan. Mafi muni a tarihi santimita 194 ne a ranar 4 ga Nuwamba 1966, sai 187 a ranar 12 ga Nuwamba 2019. Tun 3 ga Oktoba 2020 ana ɗaga ƙofofin MOSE, masu tare ruwan teku, a bakunan tafkin idan babbar tumbatsa na tafe, abin ya ragu sosai, ko da yake ƙananan wurare na iya jiƙewa har yanzu. Ruwan na janyewa cikin 'yan sa'o'i. Ku duba hasashe a manhajar Hi!Tide, ku zauna a gida ko gidan tarihi har ya sauka. Dakalan katako da ake jerawa ƙunci gare su kuma ba shinge, keke ba ya bi, yaro sai a ɗauke. Kada ku taka inda ba ku ganin ƙarshen daɓe, don a nan titi da mashigin ruwa suke zama abu ɗaya.

Rashin lafiya da ranar tafiya

Kantin magani na da koren gicciye, kuma a ƙofar kowanne ana manna sunan wanda ke aikin dare. Babban asibitin tsohon gari na Santi Giovanni e Paolo ne, tashar jirginsa Ospedale. Lambar motar asibiti, wadda a nan jirgin ruwa ce, 118. Ta gaggawa gaba ɗaya 112. In yaro ya yi zazzaɓi, ku faɗa wa likita tun farko cewa daga ƙasar da ake cizon sauro kuka zo, ku nemi gwajin maleriya, don ba ita ce za ta fara zuwa masa a rai ba. Ku taho da maganin zazzaɓin yara, gishirin ORS, filasta don kumburin ƙafa, da man korar sauro. Takalmi ya zama rufaffe mai kama ƙasa wanda aka riga aka saba da shi. Silifas na zamewa a jiƙaƙƙen dutse.

Ranar komawa, ku ƙara awa ɗaya a kan lissafinku. Jirgin ruwa kan iso a cike ya bar masu akwati a tasha, hazo kuma na dakatar da wasu layukan da safe. Idan jirginku na yamma ne, ku kai kaya ma'ajiyar tashar Santa Lucia ko ta Piazzale Roma tun da safe, babba ɗaya ya yi wannan aikin shi kaɗai yayin da ɗayan ke gida da yara, sannan ku ƙarasa sa'o'in a lambun Papadopoli ko Savorgnan, waɗanda ke 'yan mintuna daga tashoshin biyu.